Sunayen da Za a Sassaƙa a Ƙofar Ɗakin Karatu

 

Kimanin shekara biyu ke nan da jama'ar unguwarmu suka ƙudiri gina ɗakin karatu na kowa da kowa, a wani fili da ke bayan masallacin Juma'a. Aka sa ni cikin kwamitin tara kuɗi, don an san malamin Islamiyya ba ya jin nauyin miƙewa bayan salla ya roƙi jama'a. Gini ya kai linta, kuɗi suka ƙare, aka yanke shawarar kiran taron ƙaddamar da gidauniya. A zaman shirya taron ne ma'ajinmu ya ce a kafa allon dutse a ƙofar shiga, a sassaƙa sunayen masu bayarwa hawa uku: manya a sama da ruwan zinare, matsakaita a tsakiya, saura a ƙasa. Wanda kuma ya ɗauki nauyin zaure guda, a raɗa wa zauren sunan da ya zaɓa.

Ni na fara miƙewa na ƙi. Na kawo hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim, na mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama, cikinsu har da mai dukiyar da ya ciyar domin a kira shi mai kyauta. Na ce muna shirin haƙa wa bayin Allah ramin riya da hannunmu. Na zauna ina jin na rufe magana.

Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya bari na huce, sannan ya ce: "Malam, rabi ka karanta mana. Ina aya ta 271 ta Suratul Baƙara?" Da gaskiyarsa. Ayar ta yabi sadakar da aka bayyana, kafin ta fifita wadda aka ɓoye aka kai wa matalauta. Ya kuma tuna mini hadisin Jarir ɗan Abdullahi: wasu mutanen ƙabilar Mudar suka iso Madina cikin tsananin talauci, Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da a taimaka musu, wani mutumin Ansar ya kawo ƙunshin kuɗi da ƙyar hannunsa ke riƙewa, sai jama'a suka biyo bayansa. Da a ɓoye ya kawo, wa zai yi koyi da shi?

Na koma gida da kunya, na kwana ina juya maganar. Na tuna cewa magabata kan rubuta sunan mai waƙafi a shafin farko na littafi. A ɗakin karatu na Alƙarawiyyin da ke Fas, a Maroko, akwai kwafin littafin tarihin Ibn Khaldun wanda shi da kansa ya yi waƙafinsa a shekarar 1396, da takardar waƙafin ɗauke da sunansa. Irin wannan suna shaida ne. Yana hana wani ya wayi gari ya ce littafin gadonsa ne, yana kuma sa mai karatu ya yi wa mai shi addu'a. Mu da muka sha ganin filin jama'a ya koma shaguna cikin dare, bai kamata mu raina shaida ba. Ko attajirin nan na Amurka, Andrew Carnegie, wanda kuɗinsa suka gina ɗakunan karatu 2,509 tsakanin 1883 da 1929, bai shardanta a sa sunansa a bango ba. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara don ɗawainiyar wurin. Mu kuwa mun yi zama uku kan allo, ba mu taɓa tambayar wanda zai sayi littattafai ko ya biya kuɗin wuta ba.

To, na sallama batun suna. Amma hawa ukun nan ya ci gaba da tsaya mini a rai, har na faɗa kan sababin saukar aya ta 79 ta Suratut Tauba. Abu Mas'ud ya ruwaito, kamar yadda yake cikin Buhari, cewa da aka umarce su da sadaka sai suka riƙa yin dako don su sami abin bayarwa. Wani ya kawo dukiya mai yawa, munafukai suka ce riya ce. Wani ya kawo sa'i guda, suka ce Allah ba Ya bukatarsa. Gabana ya faɗi. Allon ma'aji yana raina mai sa'i guda, ni kuma na tuhumi mai dukiya da riya alhali ban tsaga zuciyarsa ba. Mu biyun mun raba maganar mutanen nan a tsakaninmu, muna zaune cikin harabar masallaci.

A zama na gaba na nemi afuwa, sannan muka daidaita. Za a rubuta sunan duk wanda ya bayar bisa jerin haruffa, babu adadi a gefensa. Magina da leburorin da suka yafe kuɗin aikinsu na wasu ranaku za su shiga, haka matan da suka riƙa aiko da abin da ya sawwaƙa ta hannun ɗalibaina. Alkawarin da aka shelanta a lasifika ba zai hau allo ba sai ya shiga asusu. Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamarwa a ƙasar nan ya san dalili. Lissafin kuɗi kuma a riƙa liƙa shi daban kowane wata. A batun zaure an rinjaye ni, za a sa wa ɗaya sunan mahaifiyar wani attajiri da ta rasu, kuma yanzu ban ga aibin hakan ba. Wani attajirin kuwa, da ya ji babu ruwan zinare, ya rage abin da ya yi niyya. Har yau sashen yara babu rufi, damina kuma na ƙaratowa. Ban daina tambayar kaina ko taurin kaina ne ya jawo wa yaran wannan ba.

An ba kowa zaɓi ya sa sunansa ko a rubuta "wani bawan Allah". Takardata tana cikin aljihu mako biyu ke nan. Na so in zaɓi na biyun, sai na lura ina jin daɗin a ce Malam ya ɓoye sunansa, ga shi duk kwamiti za su sani. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Ma'aji ya ce mai sassaƙa zai zo karɓar jerin ranar Asabar.