Daga Danja zuwa Palladan da jirgi a kwali

Motar da muka hau a tashar Danja rabinta mutane ce, rabinta kwandunan tumatir, don lokacin rani ne. Ɗan wana, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, ya rungume kwali a cinya kamar mai jego. Jirginsa ne a ciki: farin soson da ake tokare talabijin da shi, injin tsohuwar rediyo, da batirin waya. Ya hana ni sakat sai na kai shi ya ga na gaske.

Muka bi ta Hunkuyi muka faɗa Zariya kafin azahar. A Palladan muka tsaya bakin shingen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa tun 1964. Ƙananan jiragen koyo na tashi, su kewaya, su taɓa ƙasa, su sake tashi. Yaron ko ƙiftawa ba ya yi.

Amma darasin a Samaru ya same shi. Wani ɗan garinmu da ke karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ya kai mu filin da shi da abokansa suke gwada nasu jirgin mai rimot. Ya karɓi na yaron, ya ɗora fikafikan a kan yatsunsa biyu, kamar sulusin faɗinsu daga gaba. Nan take jelar ta rinjaya.

"Ƙanena, nauyinka duk a baya yake," in ji shi. "Mayar da batirin nan hanci. Giram nawa ne jirgin?"

Yaron ya yi shiru. Bai taɓa aunawa ba.

A bakinsu na ji labarin gasar da ƙungiyar injiniyoyin jiragen sama ta Amurka, AIAA, ke shirya wa ɗaliban jami'a tun 1997, yawanci shekara guda a Wichita, ta gaba a Tucson. Duk shekara sharuɗɗa na sauyawa: kaya kaza jirgin zai ɗauka, cikin tazara kaza zai bar ƙasa. Kuma kafin a zo fili, sai ƙungiya ta miƙa rubutaccen rahoton lissafinta, shi ma da makinsa.

Mu ba basira muka rasa ba. A 2007 jaridun duniya sun yi ta labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, da ya haɗa helikwafta da injin Honda a Kano. Sojojin sama sun fito da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018, a Kaduna. Sai dai a ganina mai ƙira shi kaɗai tafi yake samu, a ɗauki hotonsa, a watse. Gasa kuwa tilasta maka take ka yi aiki da mutane, ka auna, ka rubuta, 'yan aji na ƙasa su gaji littafin.

Da aka matsar da batirin, ɗalibin ya cilla jirgin da hannu, fuskar iska. Ya yi ɗan nisa a miƙe, sannan ya karkata hagu ya kife a kunya, fiffike ɗaya ya ɓalle. Na zaci yaron zai ɓata rai. Ina! Tuni yana tsugune da su ana gardama: wani ya ce fikafikan ba daidai suke ba, wani ya ce farfelar ta yi wa injin girma.

"Baba, a ina za mu samu ƙaramin sikeli?" ya tambaye ni.

Muka nufi kasuwar Sabon Gari kafin a rufe shaguna.