Shagon Ɗinki Bayan Sallah

Da zarar an gama Babbar Sallah, kekunan ɗinki a Fagge sukan yi shiru. Yaran shago da suka saba kwana a kan keke sai su koma danna waya, hankalinsu ya watse.

Ina ganin a nan ake gane maigidan kirki. Faɗa ba ya tattaro hankalin yaro, aiki mai amfani ne ke yin haka. Lokacin ne na wanke keke a sa masa mai, na koyon yankan babbar riga da ragowar ƙyalle, na bin bashi, na ɗinka kayan makaranta tun kafin hutu ya ƙare.

Kuma kada a yanke musu kuɗin abinci. Yaron da aka riƙe lokacin da babu ciniki, shi zai tsaya idan ɗinkin azumi ya taru.