Cunkoson Tagogi a Allon Kwamfuta

In ka zauna kusa da mai aiki da kwamfuta, bar kallon abin da yake rubutawa. Dubi ƙasan allon. Nan za ka ga tagogin da ya buɗe tun safe a jere, kowace ta tsuke har sunanta ba ya karantuwa. Wasiƙar da ya aika jiya ma tana nan a buɗe.

Masu ƙera manhaja sun daɗe suna ƙara wa allon nan kaya da sunan sauƙaƙa aiki. A 2007 Microsoft ta fito da Windows Vista, da wani siririn shafi a gefen dama. Aka jera agogo a kai, da kalanda, da yanayin gari. Alhali ga wani agogon can a kusurwar ƙasa, a gefe guda da shi. Windows 7 ta cire shafin a 2009, ta bar ƙananan kayan suna watangaririya. A 2012 kamfanin da kansa ya shawarci mutane su kashe su, don masu kutse na iya shigowa ta nan.

Sai wata dabarar, wato fuska fiye da ɗaya a allo guda. Tsohuwa ce. Masu bincike a Xerox PARC da ke Kalifoniya sun yi irinta tun 1986. Apple ta sa tata a 2007, Windows 10 ta bi sahu a 2015. Ka danna maɓallin Windows da Ctrl da D tare, sai ga fili fetal. Amma tagogin ba su je ko'ina ba. Kamar a ji sallamar baƙo ne, a kwashe tarkacen falo a tura uwar ɗaka. Suna can suna cin ƙwaƙwalwar na'urar, fankarta na ta huci.

Ba na raina dabarar. Akawun da ya ware lissafi a fuska ɗaya, saƙonni a wata, ya huta da leƙe-leƙe. Sai dai wanda bai saba rufe taga ba, in ya sami fuska huɗu, duk huɗun zai cika.

Wanda na fi yarda da tsarinsa shi ne mai buga takardu a shagunan bakin jami'a. Taga biyu gare shi. Ya manna ɗaya a hagu, ɗaya a dama, kowace ta ci rabin allo. Babban yatsansa na kan Alt, wani na kan Tab, ba ya ko waiwayar linzami. Bayan 'yan layuka sai ya danna Ctrl da S, don ba a san lokacin ɗauke wuta ba. In ya gama da ɗalibi sai ya rufe aikinsa, sannan ya ce, "Wa ke biye?" Ka leƙa allon maɓallansa. Rubutun kan Alt na hagu ya goge.