Tsohon Birni A Tsakiyar Jos: Ina Masu Fim Ɗin Namoda?

Duk furodusan da ya taɓa shirya fim ɗin sarauta ya san wahalar lokeshin: an kafa kyamara, jarumi ya sha rawani, sai ga falwayar lantarki ko rufin kwano a bayansa. Shi ke nan, aiki ya dawo baya!

Maganin wannan yana Jos. A harabar gidan tarihin garin, wanda aka buɗe a 1952, akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginenmu na da, aikin da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Farfesa Dmochowski, ya jagoranta a shekarun 1970. Ga ganuwar Kano da ƙofarta, ga masallacin Juma'a na Zariya irin wanda Babban Gwani ya gina, da bakan gizo da azara, duk da jar ƙasa. Sai dai ginin ƙasa yaɓe yake so, kuma damina ta ci wasu sassan.

To, ina ruwan Zamfara? Ai arewacinta na da labarin da ya isa fim: Namoda, mayaƙin da garin Ƙaura ya ci sunansa, yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808. Amma matsalar 'yan bindiga ta sa kwasar 'yan wasa zuwa dazukan Zurmi da Shinkafi ya zama kasada. Kafin lafiya ta samu, ganuwar Jos za ta iya tsayawa a madadin ta Alƙalawa. Saura mai labari da mai zuba kuɗi.