Makiyayin Uwar Garke

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san cewa a kowane garke akwai saniya guda wadda sauran ke bi: in ta tashi su tashi, in ta kwanta su kwanta. Saboda haka sunan uwar garke ya dace da babbar kwamfutar nan da ke riƙe da bayanai, tana raba wa ƙananan kwamfutocin ma'aikata gwargwadon bukatarsu. To, kamar yadda garke ba ya rasa makiyayi, ita ma wannan na'ura tana da nata, ko da yake ba a tunawa da shi sai ranar da ta ƙi tashi.

A garin Funtuwa akwai wani irin wannan makiyayi, mai kula da uwar garken wata cibiyar lafiya wadda ke karɓar marasa lafiya daga ƙauyukan da ke tsakanin Bakori da Malumfashi. Da gyaran rediyo ya fara sana'a, sa'an nan ya koma gyaran waya, kafin Allah ya haɗa shi da kwamfuta. Na'urar da yake kiwo tana tafiya ne a kan Ubuntu, wato ɗaya daga cikin rassan Linux, a bisanta kuma akwai manhajar OpenMRS da ke adana tarihin kowane majiyyaci: ranar awon mai ciki, da maganin da aka ba mai hawan jini, da wanda ya kamata ya dawo bai dawo ba.

Ya kamata mai karatu ya san asalin waɗannan abubuwa. A shekarar 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, bisa ra'ayin cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya karanta ta, ya gyara ta, ya kuma ba wani. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da ƙwayar Linux. Debian ta biyo baya a 1993, daga jikinta kuma Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu a 2004. Abin da ya haɗa su duka shi ne, ba a kulle cikinsu da kwaɗo ba.

Mutumin wannan yanki ba sai an wahala wajen yi masa bayanin amfanin haka ba. Tun daga 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, manoman auduga da masara suke ta sabawa da injuna iri iri. Sun gane cewa tarakta wadda bakaniken gari zai iya buɗewa ya gyara ta fi wadda sai an jira wani daga nesa, domin damina ba ta jiran kowa. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Gaskiyar wannan magana ta bayyana a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi, don yaƙi da 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet. Bayan 'yan makonni, ran nan da safe sai uwar garke ta ƙi karɓar kowane sabon rubutu, ga mata masu juna biyu sun cika benci tun hantsi bai dubi ludayi ba.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Injiniya, mu koma ga takarda ne?"

Ya ce, "Hajiya, a ba ni sa'a guda, in Allah ya yarda."

A da, in irin wannan ta faru, yakan kwafi saƙon kuskuren ya watsa a intanet, kafin ya gama shan shayi wani daga Indiya ko Jamus ya ba shi amsa. Ran nan babu wannan. Sai ya koma ga ladabin sana'ar na asali, wato a tambayi na'ura kafin a taɓa ta. Ya karanta kundin da take rubuta duk abin da ya same ta, ya ga rumbun bayanai na kukan rashin wurin rubutu. Ya ba da umarnin df, ya ga faifan ya cika maƙil. Ya bi sawu da umarnin du, ɗaki bayan ɗaki, har ya iske ɓarawon: wata ƙaramar manhaja ce wadda aikinta aika rahoto zuwa sama. Tun ranar da aka katse layi take ta ƙoƙarin kira dare da rana, duk sa'ad da ta kasa kuma sai ta rubuta ƙorafinta, har ƙorafin ya cinye faifan.

A nan ne ake bambanta gwani da mai garaje. Mai riƙe da babban iko a Linux, in ya ce a goge, gogewa ake yi, ba a tambayarsa ko ya tabbata. Saboda haka sai da ya kwafi rumbun bayanan zuwa wani faifai na dabam, sa'an nan ya tsayar da mai ƙorafin, ya zazzage kundinta, ya ɗora masa ka'idar logrotate don kada ya sake kumbura, ya ta da rumbun. Inda ya manta lafazin wani umarni, littafin man da ke cikin na'urar kanta ya tuna masa, ba tare da layi ba. Kafin azahar an ci gaba da awo.

Sauran watannin, har aka maido da layi wajen ƙarshen shekarar, aikin haƙuri ne. Yakan hau mota zuwa Zariya da faifai a aljihu, ya aika rahoto, ya sauko da sababbin gyare-gyare, ya dawo kafin magariba saboda halin hanya. Yakan daidaita agogon na'urar da hannu, tun da ba ta samun lokaci daga waje, kuma agogon da ya karkace yana iya ɓata ranar awo. Da hunturu ya shigo, yakan buɗe ta ya hure ƙura daga fanka, ya kuma duba baturan inbata, domin ɗaukewar wuta ana cikin rubutu tana iya lalata abin da ke cikin faifai.

Sai dai kada a ɗauka cewa abin da aka samu kyauta ba ya da wahalar riƙo. A ƙarshen wannan shekara ta 2021 aka daina tallafa wa CentOS 8, dubban masu kula da na'urori a duniya suka yi ƙaura zuwa Rocky Linux ko AlmaLinux. Ita ma Ubuntu, fitowarta mai dogon zango shekara 5 ake ba ta gyara na yau da kullum. Wanda bai riƙe waɗannan ranaku ba, wata rana zai wayi gari da gida ba ƙyaure.

Abin da ya fi damun wannan bawan Allah kuwa shi ne, ilimin duka a kansa yake shi kaɗai. In ya kwanta ciwo, ko ya sami aiki a Kaduna, cibiyar ta koma ga takarda. Don haka ya ɗauki yara biyu yana koya musu, ya kuma sayi littafi mai bango mai kauri yana rubuta kowace matsala da maganinta da Hausa. Littattafan sana'ar kusan duk da Turanci suke, saboda haka tilas ta sa shi ƙirƙirar kalmomi: kundin aukuwa, babban iko, kwafin ajiya. Wasu sun zauna a bakin yaran, wasu sun ƙi.

Wannan aiki bai kamata a bar wa mutum guda a ɗakin na'ura ba. Malamai da ɗaliban sashen Hausa su ne suka san yadda ake auna kalma a gani ko za ta karɓu, shi kuwa ya san abin da kalmar ke nufi a cikin injin. Littafin nan mai bango mai kauri yana nan a Funtuwa, kuma akwai irinsa a Zariya da Kano da Katsina, suna jiran wanda zai tattara su ya daidaita.