Matsefatar Iya

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu, Iya muke ce mata, ba ta rabo da matsefata. A wuya take rataye ta da baƙin zare. Da hantsi sai ta zauna bakin zaure, ta ɗaga kai sama ta kira jikarta: "Zo ki cire min, 'yar nan, sun sake tsirowa." Gashin ido ne ya lanƙwashe ciki, yana sukar ta kamar ƙaya. Amosanin ido ke nan idan ya tsufa a jikin mutum.

Na daɗe ina zaton ƙwayar cutar ce ke cin fatar idon. Ashe da sauran magana. Ƙwayar, wato Kilamidiya, wadda wani jinsinta ke toshe wa mata hanyar ƙwai, ɓarauniya ce mai kwana a ɗakin mai gida: cikin ƙwayar halittar mutum take shigewa ta ja ƙofa. Sinadaran kariya da ke yawo a jini ba sa iya bin ta can. Sai dakarun garkuwar jiki su taso da zafinsu, wuri ya kumbura, ya lafa, a sake kamuwa, ya sake kumbura, tun ana yara. Tabon wannan faɗan ne ya janye fatar idon Iya.

Shi ya sa rigakafinta ya yi wuya. An gwada a Gambiya da Saudiyya a shekarun 1960, kariyar ba ta daɗe ba. Masu aikin gaske a garkuwar jiki su ne ƙwayoyin T, nau'in CD4, kuma dabararsu ta burge ni: horon yunwa. Suna sakin intafiron-gama, shi kuma ya sa jiki ya lalata tiriftofan, abincin da cutar ba ta girma sai da shi.

Amma sai suna kusa. A 2015 masu bincike a Harvard sun ba ɓeraye matacciyar ƙwayar ita kaɗai, sai ta ƙara musu rauni. Da aka haɗa ta da abin zaburar da garkuwa, aka bi da ita ta hanci ko mahaifa, ƙwayoyin T suka tare a fatar mahaifar kamar 'yan gadi, suna jira. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin farko na wata allurar daban kan mata 35 a Landan: allurar ba ta cutar ba, garkuwa ta motsa. Har yau dai ba ta iso asibiti ba.

Jikar ta gama, ta hure bakin matsefatar, ta mayar wa Iya a wuya.