Sai An Tsince Ake Dafawa

A Jikwoyi, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, akwai wani saurayi mai koyon Python, watau harshen kwamfuta da ya fito a 1991. Burinsa na'ura ta ji Hausa. Amma yawancin aikinsa tsince rubutu ne, kamar mai tsince shinkafa. Dalili kuwa, masu rubutu a waya ba su cika sa ƙugiya ba: baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Ita kuwa na'ura, abin da aka ba ta shi take haddacewa. Tun 2013 Google ke fassara Hausa. In ba a tsince ba, kuskuren yau yara za su ɗauka daidai gobe.